Ai Ni Ne Admin

A rumfar mai caji ta tashar Ikara na gan shi. Ya mamaye benci shi kaɗai, kwamfuta a kan cinya, tumbi ya tokare ta. Shaddarsa ta sha bugu, ga katin aiki yana reto a wuya ko da yake yau Asabar ce.

Wata manhaja yake son sakawa. Duk ya danna, sai ta kai rabi ta cije, kwamfutar ta ce ba shi da izinin ajiye komai a wannan folda, sai da yardar admin.

"Ai ni ne admin!" yake faɗa wa allon, yana dukan ƙirji. "Shekarata nawa a kan kujerar nan? Tambayi kowa daga nan har Furana."

Mai caji ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar ba admin na ofis take nufi ba." Ko kallonsa bai yi ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, kamar mai buga hatimi.

Ban san sunansa ba, amma na san irinsa. Su ne ke barin tsoho ya taho tun daga Kurmin Kogi, ya wuni a bakin ƙofa, sannan a ce masa fayil na kulle, ya dawo gobe.

Yanzu ga shi yana sharce gumi, murya ta yi ƙasa: "Haba baiwar Allah, ki taimaka mana."

Ta sake cewa babu izini. Ranka ya daɗe, sai dai a dawo gobe.