Buzun Kaka a Tsakiyar Ofis

Duk sanda na ji ƙarar hatimi a kan takarda, sai kunnena ya jira kukan akuya ya biyo baya. Kada ka yi mini dariya, mai karatu. Ofishin da na fara sani a rayuwata awaki na ratsa shi safe da yamma, domin zauren gidanmu ne.

Gidanmu yana bakin babban titi a tsakiyar Anka. Ina firamare lokacin da aka gano gubar dalma a Bagega da sauran ƙauyukan masu haƙar zinari, sai baƙi suka cika gari: ma'aikatan lafiya, masu gwajin ƙasa, jami'an gwamnati. Kowa ofis yake nema, kuma kowa ya nace sai a tsakiyar gari, kusa da asibiti da kasuwa. Ɗakin da a da kaji ke kwana ciki, sai ka ga an shafe shi da fenti an kafa masa allo.

Ba a daɗe ba wata ƙungiyar lafiya ta nemi zaurenmu. Baba da Baffa suka yi na'am nan take, sai dai zauren yana da mai shi. Kaka, mahaifin Baba, ƙafafunsa sun daina kai shi nesa, zauren nan ne gonarsa da kasuwarsa. Tun hantsi yake shimfiɗa buzunsa ta inda zai ga titi, duk wanda ya wuce sai ya yi masa sallama. In an raba shi da wurin, sai ɗakin ƙurya ya rage masa, inda ba ya ganin kowa sai ƙadangaru.

Da aka kawo masa maganar, bai yi gardama ba. Ya ce, "Su shigo, zaure na baƙo na. Amma buzuna na nan inda sunka ishe shi."

Aka ɗauka zai gaji ya tashi da kansa. Ba su san Kaka ba.

Haka aka shigo da tebur da kujeru da injin buga takarda, aka jera su kewaye da tsoho. Abin da kowa ya manta shi ne gidan ba shi da wata ƙofa. Inna da itacenta ta cikin ofis take bi. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta nan take shiga da ƙwarya a ka. Awaki kuwa ba su taɓa neman izini ba. Shugabar ofishin, wata doguwar mace daga kudu mai tabarau, tun tana dafe kai har ta koyi ɗage ƙafa ta ba su hanya ba tare da ta ɗago daga rubutunta ba.

Kaka bai taɓa yarda 'yan haya ne ba. A wurinsa baƙi ne, baƙo kuma ba ya wuni da yunwa. Da azahar ta gabato sai ya ƙwala mini kira, "Ke amarya, tahi ki hwaɗa ma Inna baƙina ba su ci komi ba." Ni kuma in ce ba na auren mijin da ba shi da haƙori, ya ce ai shi ya sa ba ya cinye mini nama. Shugabar ta yi ta dariya ko ba ta gane duka ba. Da damina, in ruwa ya tsare kowa, ƙamshin dafaffiyar masara da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ke cika wurin, aiki ya tsaya, Kaka ya hau koya mata gaisuwa, tana kwaɓawa yana gyarawa. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar a shekarun nan ba.

Sai maganar sabon tsarin gari ta taso. Aka zo da jan fenti aka yi alama a bangayen bakin titi, aka ce za a faɗaɗa hanya, gaban gidaje ya koma ofisoshi da shaguna na bulo. Baffa ya samo mai zane. A zanen, ofisoshi sun jeru daga bango zuwa bango, ƙofar gida ta koma lungun baya. Babu zaure, babu wurin buzu.

Kaka ya daina tsokanata, tuwonsa ma ya riƙa dawowa. Na ji tsoro ƙwarai, har na ɓuya bayan rumbu na yi kuka.

Ranar da magini ya zo awo da igiyarsa, Baffa ya nuna wa shugabar zanen yana murna, ya ce ga ofishinsu nan, babu awaki, babu surutu. Ta duba ta ƙara dubawa, ta nuna Kaka ta ce da Hausarta ta koyo, "Baba ina zai zauna?" Baffa ya ce a cikin gida. Ta cire tabarau ta miƙa masa takardarsa. "Mu da Baba muka kama ofis. Babu Baba, mu tafi wani wuri."

Kaka ya gyara zama a kan buzunsa, ya dubi Baffa ya ce, "To, ka jiya. Ni ma ma'aikaci na."

Aka sake zane. Aka bar hanya a tsakiyar ginin, da dakali a bakinta ta inda ake ganin titi. Nan ya zauna har ƙarshen ransa, kuma ranar da aka sake zanen ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Yanzu titin ya cika da gine-gine masu ƙofar gilashi, ƙungiyar ta daɗe da tashi, masu hayar yau ba su san Kaka ba. Wani matashi cikinsu ya tambaye ni kwanan baya me ya sa tsofaffi ke yin sallama in sun zo daidai dakalin nan, alhali ba kowa a kai. Na ce masa in ya ji, ya dai amsa.