Saƙon da Ban Kai wa Yaya Bawa Ba

A watan nan ne yayana Bawa ya cika shekara talatin da biyar a kabari. Ni da na sa shi a rami da hannuna yanzu na haura tamanin, kuma cikin waɗanda suka tsaya a maƙabartar Kebbe ranar nan, ban san mutum uku da suka rage ba. Na daɗe ina rubutu a shafin nan kan makaranta da noma, amma ban taɓa ambatonsa ba. Ba mantawa na yi ba. Akwai abin da na yi masa wanda nake jin nauyin faɗa.

Gidanmu gidan maharba ne. Baba shi ne babban maharban unguwarmu, kuma kowa ya ɗauka Bawa ne zai gaje shi, don tun yana saurayi yakan dubi sawu a ƙasa ya ce maka barewa ce, mace, kuma tana da ciki. Ni aka kai makarantar boko, na fito malamin elementare a Tambuwal. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, hukumar gargajiya ta En'e ta nemi masu gadin gandun dajin da ke wajen Surame, tsohon birnin Kabawa. Bawa ya je ya karɓi kaki. Maharbi ɗan maharbi ya koma mai hana harbi. Abokansa suka daina ambaton sunansa, Baba kuwa ya ɗauke bindigar Bawa daga zaure ya kai ta ɗaki.

Shekara uku bayan haka, cikin tsananin bazara, Inna ta aiko mini Tambuwal cewa ciwon Baba ya yi nauyi, in je in taho da yayana. Na hau babbar mota zuwa Sakkwato da kekena a baya, daga can na nausa yamma. Inda yashi ya yi yawa in sauka in tura. Sai washegari da hantsi na iske shi a bukkarsa a bakin daji, ya rame, ya yi baƙi, yana ɗinkin takalminsa.

Da na faɗa masa, ya yi salati. Sannan ya ce, "Umaru, sha ruwa tukuna. Taho in gwada maka wani abu."

Na bi shi ina gunaguni a zuci. Mun yi tafiya kaɗan sai ga ganuwa, ba ta ƙasa irin wadda na saba gani ba, ta duwatsu ce da aka jera kan juna, ta miƙe cikin kurmi har ido ya gaza. Wani wuri ta zube, wani wuri itace ya tsiro ta tsakiyarta. Ni da nake koya wa yara tarihin sarakunan Ingila daga littafi, ban taɓa sanin akwai irin wannan kwana biyu daga gidanmu ba. Bawa ya nuna mini inda ƙofa take, ya tsinci tsingaron tukunya ya sa mini a hannu, ya ce in duba zanen da ke bakinsa. Da na gama kallo ya karɓa ya mayar daidai inda ya ɗauka.

Daga nan muka gangara wani kwari inda ɗan tafki ya rage, rabinsa laka. Ya sa na kwanta rub da ciki bayan wata sabara. Can bayan la'asar suka fara fitowa. Zabin daji ne farko, sai gadu da 'ya'yanta, wutsiyoyi a sama. Sai gwankaye. Ban taɓa ganin gwanki da rai ba, fatarsa kawai na sani a ɗakin Baba. Manya ne kamar dawaki, ƙahoninsu sun lanƙwashe baya, suna tafe a hankali da ƙananansu a tsakiya. Na ƙirga goma sha tara. Na ji Bawa kusa da ni yana motsa baki, ashe shi ma ƙirgawa yake.

A hanyar komawa ya yi mini bayani. Ruwa ya ƙafe ko'ina sai wannan tafkin, duk naman dajin nan a nan yake sha. Abokin aikinsa na kwance da kurkunu, ba ya iya taka ƙasa. Wasu maharba kuma sun yi zango a ƙauyen da ke kusa, suna jiran ranar da zai ɗaga ƙafa.

"In na tafi yau, kwana ukku sun isa a ƙare su," in ji shi. "Bari ruwan fari shi sauka su watse cikin daji. Ran da ya sauka, ran nan nika tasowa."

"Yaya, Baba na can bakin mutuwa, kai kana nan kana gadin namun Bature?"

"Ba na Bature ba ne. Bature ya iske su nan."

Na faɗa masa maganganun da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba. Bai rama ba. Ya ɗaure mini guzuri a bayan keke, ya ce in gaida Baba, in ce yana tafe.

Na iso Kebbe na iske Baba da sauran hankalinsa. Ba ya kiran sunan Bawa, kasancewarsa ɗan fari, sai ya ce, "Ina wancan?" Na kwashe komai na faɗa masa, har da ƙari, don ina so ya yi fushi kamar yadda na yi. Ya saurara ido a rufe. Da na gama sai ya tambaye ni gwankaye nawa na gani. Na ce goma sha tara.

"Da ƙanana?"

Na ce da ƙanana.

Ya buɗe ido. Sannan ya ce, "Muna samari, har bayan gari suka zuwa shan ruwa. Mu munka ƙare su. Ka ce mashi shi zauna inda yake. Ka ce na yafe mashi, Allah shi yi mashi albarka."

Daga ni sai shi a ɗakin. Inna na wajen murhu.

Baba ya cika bayan kwana shida. Ruwan fari ya sauka kwana tara bayan haka, kuma kamar yadda ya yi alkawari, Bawa ya iso, ƙafafunsa duk sun kumbura. A ƙofar gida ya ji labari. Ya durƙusa a gabana a zaure ya ce, "Umaru, ya bar mini wata magana?" Na dube shi na ce, "Bai bar komai ba."

Na yi ta gaya wa kaina cewa gobe zan gyara. Da farko fushi ne ya hana ni, daga baya kunya. Aka sami mulkin kai, aka yi mini canjin wuraren aiki, na yi iyali. Bawa ya ci gaba da gadinsa har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo Kebbe yana ɗan noma. Ba mu yi gaba ba, muna gaisawa, muna zumunci. Amma na lura ba ya zama a inda ake hirar Baba, kuma duk ranar Juma'a yakan je kabarin Baba shi kaɗai. Matarsa, Yaya Hassi, ta taɓa ce mini, "Malam, yayanka bai da lafiyar zuci. Kullum cewa yakai ubansa ya tafi da fushinsa." Na ji wannan da kunnena, na kuma yin shiru.

Sai da shekara ashirin da biyar ta wuce, yana kwance cikin ciwon ajali, na zauna a bakin gadonsa da safe na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda Baba ya faɗa. Na jira ya zage ni. Hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne. Ya ce in sake faɗa, na sake. Sannan ya ce, "Da ka gaya mini tun sannan, Umaru, da na huta." Na roƙe shi gafara, ya kama hannuna ya ce ya yafe. Kwana huɗu ya yi bayan nan.

Shekarun baya jikata ta matsa sai da aka kai ni gandun dajin Yankari. Aka sa mu a mota, wani saurayi mai kaki yana nuna mana namun daji da tsoffin rijiyoyi da kogunan da mutanen dauri suka haƙa a jikin dutse. Mutane na ta ɗaukar hoto da waya. Ni kuwa saurayin nake kallo, yadda yake rage murya in mun kusanci dabba. Na tambaye shi ko iyayensa na son aikin nan, ya yi dariya ya ce suna alfahari da shi. Na juya fuska don kada jikata ta ga idona.

Nakan tambayi kaina abin da Bawa zai ce da ya ga yau. Dazuzzukan da ya sani sun koma buhunan gawayi a bakin hanya, wanda ya saura kuma mutum ba ya shigarsa da kwanciyar hankali. Jikokinmu a Kebbe ba su san gwanki ba ko a hoto. Ban koma Surame ba, amma waɗanda suka je sun ce ganuwar na nan, namun ne babu. Wani zai ce ke nan wahalar banza ya yi, ya rasa ganawar ƙarshe da mahaifinsa saboda dabbobin da ba su ɗore ba. Ni ma na taɓa tunanin haka. Yanzu ban yarda ba. An ba shi amanar masu rai da ba su da bakin kai ƙara, ya riƙe ta a ranar da riƙonta ya fi kowace rana tsada. Ni an ba ni amanar magana uku, ba nauyi, ba tafiya, na kasa.

Abin da ya rage na Bawa ba yawa: 'ya'ya huɗu masu gaskiya, da hularsa ta aiki da Yaya Hassi ta ajiye har ta rasu. Sai kuma ni, da nake shaida cewa mahaifinsa ya sa masa albarka. Na rubuta a nan ne don 'ya'yansa da jikokinsa su karanta, don har yau su ma ban taɓa gaya musu ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan Bawa. Wanda aka ba saƙo kuwa, ya kai shi tun mai saƙon na da sauran kwana da zai ji daɗinsa.