Goggo Mai Almakashi da Hannun Autata

Kafin masu jinya su gama wanke ido, Goggo ta riga ta goge ɗakin yara na asibitin tas, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gadon ƙarshe. Ta kwashe shara, ta wanke banɗaki, ta zubar da ruwan bokiti. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, shi ake biyanta. In ta gama sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta leƙa tagar masu ba da magani ta ce, "Ina kasona?" Su miƙo mata kwalayen da suka zazzage, masu tsabta. Ta biya ta ofis ta karɓi tsohuwar kalanda da ambulan ɗin da aka gama da su. Lokacin hutu, sa'ad da abokan aikinta ke miƙe ƙafa a inuwa, ita tana kan benci tsakanin gadaje, da ɗan almakashinta mara tsini, yara sun yanyame ta.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ƙafa ta fara ba ta wahala. Na ce wallahi ba za ta tafi shiru ba, sai na faɗa wa mutane abin da idona ya gani.

Autata tana 'yar firamare tafasasshen ruwa ya zube mata a hannun dama. Allah ya sa da sauran kwana, aka kwantar da ita a wannan ɗakin yaran. Da ciwon ya fara kamewa likita ya zaunar da ni, ya ce fata in tana warkewa ja take yi. In yarinyar nan ba ta motsa yatsunta kullum, za su ƙage a dunƙule, ba riƙe biro, ba ɓalle maɓalli. Mai gashin ƙashi tana zuwa tana iyakar ƙoƙarinta, amma yaran da yawa suke. Ta ce mu samar wa Auta abin yi da hannu tsakanin zuwanta: ninke takarda, yanka, liƙi.

Babanta, bawan Allah, ya tafi kanti ya sayo fakitin takardu masu kala, har da masu ƙyalli, da gam na kwalba. Ya ajiye mata a kan gado ya ce, "Ga shi, Autan Baba. Ki lallaɓa su, da tsada na sayo." Don so ya faɗa. Yarinya ta zaro guda, hannu yana zogi, ta yanka ya karkace. Sai kuka. "Na ɓata wa Baba takarda." Ta tura fakitin ƙarƙashin filo, ta cusa hannun a hammata, ta juya wa kowa baya. Na lallasa, na yi faɗa, na yi addu'a. Kullum in aka kwance bandeji ina ganin yatsun suna ƙara lanƙwasa ciki.

Wata safiya Goggo ta iso gadonmu da abin goge ƙasa, ta dubi Auta.

"Ƙawata, ɗaga min ƙafa. Wa ya taɓa min ke kike wannan kumburi?"

Na ba ta labari. Ta zaro fakitin ta jujjuya shi, ta miƙo min. "Maman Auta, kai wannan gida ki adana. Yaro in ya san an kashe kuɗi a kan abu, hannunsa rawa yake yi." Da ta gama aikinta ta dawo da kwalin magani, ta ɗora wa yarinyar a cinya.

"Wannan bola za a kai shi. Yaga min."

Auta ta ɗago. "In yaga?"

"Yaga mana! Wa zai ce miki don me? Akwai buhunsa guda a baya."

Ta sa haƙori da hannun hagu ta yaga. Goggo ta ce, "A'a, wannan hannun ai mun gaisa da shi tuni. Wancan mai jin kunyar nake so ya fito."

A hankali ya fito. Da ƙyar babban yatsa ya haɗu da manuni, hawaye na zuba, amma kwali ya yagu. Goggo ta ɗaga guntun sama kamar an ba ta kyauta. "Kai, ɓarna ta yi kyau! Ƙaro wata."

Daga yaga aka koma liƙi. Gam ɗinta ba na kanti ba ne, fulawa ce take damawa da ruwa ta ɗan dafa, ta barbaɗa gishiri kada ya yi tsami. Da yatsa ake lakutowa a shafa, kuma ta ce lallai da yatsan da ya fi ƙiwa. Ta ninke bayan kalanda, ta ɗinke tsakiyar da zare, ya zama littafi. Duk abin da Auta ta yi a rana, a nan ake liƙa shi, mai kyau da mara kyau. Shafin farko tarkace ne kawai. Can gaba sai ga wani abu mai kama da kifi. Goggo ta ce, "Wannan kifin mota ce ta taka shi?" Ranar na ji dariyar 'yata karo na farko tun da muka shigo asibitin.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai ranar da fatar ta tsage ta yi jini, Auta ta ce ita ta daina. Nas ta gyara ciwon ta ce a bar hannun ya huta. Goggo ba ta matsa mata ba. Ta zauna gefen gadon tana yankan furanni ita kaɗai, tana ɓata su da gangan, har yarinyar ta kasa haƙuri ta ce, "Goggo, ba haka ake yi ba." Da aka ba da izini, ita ta karɓi almakashin da kanta.

Goggo, ke ce kika ga abin da ya tsaya wa 'yata a rai, alhali ba wanda ya ɗora miki. Ke ce kike sunkuyo tun safe, bayanki na ciwo, sannan ki ba 'ya'yan mutane lokacin hutunki. Ba ki taɓa karɓar ko sisi ba. Da na kawo miki turmin atamfa cewa kika yi, "In kina son faranta min, tara min kwalin sabulu." Uwar marasa lafiya, mai hannun alheri.

Ba ni kaɗai ba ce shaida. Babbar nas ta ce min tun tana sabuwar ma'aikaciya ta tarar da Goggo a kan wannan benci. Matar da ke gadon kusa da mu, ɗanta ciwon zuciya gare shi, kullum yana kwance yana liƙa motoci da Goggo. "Maigidana" Goggo take ce masa, tana tsokanarsa wai bai ba da kuɗin cefane ba. Allah ya karɓi abinsa muna nan. Uwar tana haɗa kaya, ta bar bargo, ta bar kwano, amma littafin kalandar ɗanta ta rungume shi a ƙirji ta fita da shi. Goggo ta goge ƙarƙashin gadon, ta tsaya ta yi masa addu'a, ta share ido da gefen mayafi, ta wuce gado na gaba. Allah ya jiƙansa.

'Yan uwana iyaye, ku ji. Ba sai kun je kanti ba kafin yaro ya yi aikin hannu. Kwalin shayi, tsohuwar jarida, takardar da aka naɗo kaya, ƙyallen da tela ya zubar, duk kayan aiki ne. Ku ba yaro abin da in ya ɓata ba za ku ɗaure fuska ba. Wanda kuma Allah ya hore wa ɗan lokaci, ya je ya nemi izini a ɗakin yaran asibitin da ke kusa da shi, ya zauna da su. Gurbin da Goggo za ta bari ba ƙarami ba ne.

Auta yanzu budurwa ce. Ƙaramin yatsan bai miƙe duka ba, tabon ma yana nan, mun gode Allah. Makon jiya muka je gaida Goggo a gidanta, muka tarar ta tsefe kai tana neman mai kitso. Auta ta ce, "Zauna, ni zan yi miki." Goggo ta zauna a tabarma, yarinyar ta tsaga gashin, ta kama. Ina gefe ina kallon yatsun nan suna shiga suna fita cikin furfura.

Can Goggo ta yamutsa fuska. "Wayyo, ƙawata, sassauta! Za ki cire min fatar kai. Wannan ƙarfin hannu a ina kika samo shi?"

Auta ta ce, "Ki yi haƙuri, Goggo. Ke kika ja wa kanki."

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya sa ki huta cikin rufin asiri, ya ba ki littafinki a hannun dama.