Bangon da Ke Gangarawa Ƙofa

Ɗakin da aka kawo ni cikinsa na tubali ne, jar ƙasa, ginin kakan mijina. Maigidana ya daɗe yana jin kunyar ɗakin nan. Duk shekarar da shinkafa ta yi kyau sai ya sayi bulon siminti ya jibge a bayan gida, har suka isa. Ya sa aka rushe jar ƙasar, aka ta da falo, aka yi filasta, aka shafa farin fenti. Ya ce yanzu mun shiga sahun mutane.

Ba mu daɗe a cikin sahun ba ya kai shinkafa wani injin casa a Kura, aka shigar da shi ofishin mai injin ya jira. Ya dawo gida bai ce komai a kan shinkafar ba, sai labarin bangon ofishin. Ja ne, in ji shi, bulo-bulo a jere, babu filasta. Da ya tambaya aka ce masa ai ba gini ba ne, manna shi ake yi. Jan bulo ne siriri, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, ana shafa masa siminti a baya a liƙa a jikin bango kamar tayil.

Na ce, "Malam, wato jar ƙasar da ka sa aka rushe, ita za ka sayo hotonta ka liƙa mana?"

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Waccan ta talauci ce, wannan ta gayu ce."

"Launin dai ɗaya ne."

"Ɗaya ne, amma wannan a kwali take zuwa."

Da aka sayar da tumatirin rani, adaidaita sahu ya sauke mana kwalaye a ƙofar gida. Na ce a kira magini. Ya ce mutumin da ya iya tsara fangali a gonar shinkafa ba ya neman wanda zai koya masa jera abu. Bango ɗaya ya zaɓa, dogon da ke kallon mai shigowa ta gefe, wanda ƙarshensa ya haɗu da ƙofa. Bayan la'asar idan ya dawo daga gona sai ya jiƙa bulon a bahon wankina, ni in kwaɓa siminti. Ya fara daga ƙasa. Ya buga ƙusa nan, ya buga can, ya ɗaura igiya, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, ya ɗan sauke ƙusar da ke wajen ƙofa, ya ce yauwa. Tsakanin bulo da bulo yana cusa guntun kara don tazarar ta zo ɗaya. Aikin yana da tsafta, ba zan ɓoye ba.

Ƙaninsa da ke tuƙin mota a Kano ya zo wata Juma'a, lokacin bangon ya kai gwiwa. Ya tsaya ya karkata kai.

"Yaya, bangon nan naka tafiya yake yi."

"Ina za shi?"

"Ƙofa."

Ƙanin ya je ya aro ma'aunin magina, katakon nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ɗora a kan layin sama. Ɗigon ya gudu gefe ya lafe. Kowane layi haka yake, yana sauka sannu a hankali zuwa ƙofa. Ba rawar hannu ba ce. Maigidana mutum ne da tun yana yaro yake jan ruwa daga kanal zuwa fangali, kuma a gona hanyar da ta kwanta daidai matacciya ce, ruwa tsayawa yake yi a cikinta. Idonsa bai taɓa yarda da layin da ba shi da gangare ba.

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya ce, "To, idan ruwa ya shigo, ya san hanya."

Na ce, "Ruwa a kan bango, Malam?"

Ƙanin ya ce, "Ki bar shi, matar Yaya. Ƙila shinkafa zai dasa a silin."

Maigidana ya yi dariya tare da mu, ya ce zai riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan a layukan sama har ya miƙe. Yana niyya, na shaida. Amma duk sanda ya ja da baya ya kanne ido, hannunsa sai ya koma kan ƙusar ƙofa. Bangon ya kai ƙirjina da gangarensa. Sai zazzaɓi ya kama shi ana shirin dashe. Bai yi doguwar jinya ba.

A falon na yi takaba, a kan tabarma, ina fuskantar bangon, sauran kwalayen suna kusurwa. Masu zuwa gaisuwa sukan yi addu'a, sai in ga kansu ya fara karkata. Wata tsohuwa daga Bunkure, ƙawar mahaifiyarsa, ta shafa bulon da tafin hannu, idonta ya cika.

Ta ce, "Allah sarki. Ashe bai ma samu ya yi filasta ba. Ki yi haƙuri, 'yar nan, zan turo ɗana ya rufe miki wannan tsiraici."

Na yi mata godiya. Ban san yadda zan faɗa mata cewa filastar tana ciki ba.

Da na fita takaba ƙanin ya zo da magini. Alheri ya nufa. Maginin ya auna, ya ce ba a ɗora miƙaƙƙe a kan karkatacce, sai an ɓamɓare duka an fara daga ƙasa, kuma shi ba zai sa hannunsa a inda za a ɓata masa suna ba. Ƙanin ya ce, "Ba zan bari a riƙa nuna aikin Yaya ana dariya ba." Yanzu shi ne babba a gidan, ba zan ce masa a'a a gaban baƙo ba. Na ce ya bari a gama girbi, hankali ya kwanta. Ya yarda.

Washegari na kwaɓa siminti. Na ga yadda ake yi sau ba adadi, na ɗauka bin abin da ke ƙasa kawai zan yi. Layina na farko ya fito a miƙe sak. Ni kuma idona jeren kwanuka ya horar da shi, bai san karkata ba, ina ta ƙara siminti a wajen ƙofa ban sani ba. Na tsaya ina kallon kyakkyawan layin nan a kan na maigidana kamar baƙon da bai san gidan ba. Na cire shi tun bai bushe ba.

Sai na ɗauko buta. Na ɗiga ruwa a saman layinsa na ƙarshe, ruwan ya ɗan tsaya, sannan ya kama hanyar ƙofa a hankali, ba gaggawa, kamar yadda yake son ganin ruwa na tafiya a gona. Da haka na riƙa aunawa. In jera 'yan bulo, in ɗiga ruwa. Idan ya tsaya, in danna. Idan ya ruga, in ɗaga. Ban taɓa sanin yin kuskure daidai yana da wuya haka ba. Inda hannuna bai kai ba na hau turmi. A can sama aka bar farin fili tsakanin bulo da silin, siriri a ɗaya gefen, mai faɗi a wajen ƙofa. Na bar shi haka.

Bayan girbi ƙanin ya dawo da maginin da guduma da kurfi. Suka tsaya a bakin ƙofa. Maginin ya ɗora ma'auninsa a ƙasa, ɗigon ya gudu. Ya hau kujera ya ɗora a sama, ɗigon ya gudu ya tsaya daidai inda ya tsaya a ƙasa.

Ya ce, "Ai kun ce mai aikin ya rasu."

Ƙanin ya matso kusa. Ya bi bangon da ido daga ƙasa zuwa sama, ya sake saukowa. Ya ce, "Matar Yaya, a ina aikinsa ya tsaya?"

Na ce, "Nemo."

Ya nema, har da shafawa da yatsa. Daga baya ya karɓi gudumar daga hannun maginin, ya ce masa ya yi haƙuri, an ɓata masa lokaci, ya raka shi waje.

Ni na san wurin. Akwai guntun kara ɗaya da maigidana ya manta bai zare ba, daidai ƙirjina, kusa da ƙofa. Idan ina goge bangon nakan kewaye shi.