Gonar Baba Ayuba Mai Ramewa

Kun dai san mahaifina, Baba Ayuba, dattijon cocinmu na bayan Ajingi. Duk damina in ya zo huɗa, sai ya tsaya a bakin iyaka, ya cire hula, ya ja da baya kunya guda ya bar wa maƙwabci. Wai kada garmarsa ta ci ƙasar wani bai sani ba. Gonar kowa tana nan yadda take, tamu tana ramewa, kuma ni ne magaji!

Na ce, "Baba, maƙwabcinmu Malam Sale fa bai taɓa cewa ka ci masa iyaka ba."

Ya ce, "Da Sale nake tsoro ai da na huta. Sale yana barci."

Shi kansa Malam Sale ya gaji. Ya zo har gida ya ce, "Ayuba, don Allah ka ɗauke ƙasarka, kana neman ja mini tambaya a Lahira!" Ranar nan tsofaffi biyu suka wuni suna rigima, kowa yana tura wa ɗan'uwansa gona. Mai unguwa ya ce tunda yake bai taɓa raba irin wannan faɗan ba.

Kasuwa kuwa, kada ka bi shi. Mai saye ya yaba gyaɗa, sai Baba ya zura hannu har gindin buhu: "Tsaya, Alhaji, ba ka ga ta ƙasa ba. Akwai ƙwaro." Kai!

Wani sabon fasto ya zo daga Kano, ya cika mu da ihun wuta, wuta. Baba ya ɗaga sanda.

"Fasto, wannan tsoron wuta ne. Akuyata ma tana da shi."

"To Baba, mene ne tsoron Allah?"

"Uban da ya ba da Ɗansa dominka, ka ji ba za ka iya ɓata masa rai ba, ko da ya jefar da bulalar."

Yau Baba ya rasu. Abin da na gada, jaki zai tsallake shi bai yi nishi ba. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Amma in na ce ni ɗan Ayuba ne, daga nan har Gaya ba mai bincika buhuna.

Ya Yesu, ka san ƙasar da ya bari. Ka ba shi wuri mai faɗi a wurinka. Amin.