Dosinda da Jarrabawar Harshen Uwarta

Shekara ashirin da biyu Dosinda Carballeira tana zaune a teburin ƙofar asibitin ƙauyensu, can cikin duwatsun Galisiya ta ƙasar Sifaniya, tana rubuta sunayen marasa lafiya. Ba a taɓa tabbatar da ita a aikin ba, kullum sai a ce baɗi. Da Galisiyanci aka goye ta, da shi take zagin shanu, da shi ta yi kukan mijinta. Tana yarinya malamar makaranta ta sha fasa mata baki a kansa, wai yaren ƙauyawa ne.

To, zamani ya juya. Yaren ya samu majalisa a birni, manyan masana ke zama su yanke abin da yake daidai. Hukuma kuma ta ce duk mai son riƙe kujerarsa sai ya kawo shaidar ya iya harshen. Dosinda ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ni za a gwada? Su zo in koya musu."

Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta hau motar safe zuwa wurin jarrabawar. Mai jarrabawar ba ta ko kai 'yarta ta fari ba. Ta ce ta faɗi yadda ake haƙar dankali. Dosinda ta yi ta zuba, yarinyar kuwa sai jan layi take da jan biro.

"Inna, rabin kalmominki ba sa cikin ƙamus. Wasu ma gurɓataccen Sifaniyanci ne."

"'Yar nan, uwata ba ta taɓa jin Sifaniyanci ba sai a bakin 'yan sanda."

"Ba ni na tsara ba, Inna. Ƙa'ida ce."

Sau biyu tana faɗuwa. Aka ba wani Breixo kujerar, ɗan birni, wanda ya koyi harshen cikin wata tara a ajin yamma. Kai, takaici! Mako guda ba ta leƙa ko ƙofar gida ba.

Da sanyi ya shigo ta je awon jini, ta zauna a benci kamar kowa. Tsoho Xacinto makiyayi ya shigo dafe da ƙirji, yana faɗin abin da ke cinsa. Breixo bai gane ba, ya waiwayo wajen Dosinda.

"Inna, don Allah me yake cewa?"

Ta so ta yi shiru, wallahi ta so. Amma leɓen tsohon ya fara baƙi.

"Zuciyarsa ce. Kira likita, maza!"

Da aka shiga da shi, Breixo ya yi godiya, ya duba littafi, ya ce ta koma ta zauna, ba a zo kanta ba tukuna.