Tambaya ta Arba'in: Rayuwar Malam Saura-Kaɗan

Haihuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1954 a wani gari da ke bakin layin dogo, mahaifinsa ma'aikacin gidan waya, mahaifiyarsa mai ɗinki. A nan ya yi firamare da sakandare, sannan ya sami digiri a fannin tarihi a 1978, kuma malamansa sun shaida cewa tun yana ƙarami shi da lissafi ba sa ga maciji.

Aiki da iyali

Ya karantar da tarihi a sakandare guda har tsawon shekara talatin da biyar. Ya yi aure a 1981, Allah ya azurta shi da 'ya'ya uku.

Shirin kwas

A 1992 ya nemi gurbi a kwas ɗin shekara guda da jami'a ke yi wa masu digiri a wani fanni da ke son komawa tattalin arziki, domin a cewarsa ya gaji da karantar da labarin yunwa ba tare da ya san abin da ke kawo ta ba. Aka ba shi gurbin, bisa sharaɗin ya fara warware tambayoyi arba'in na aljabara da ƙididdiga da aka aiko cikin ɗan littafi mai koren bango. Ya kafa tebur a ɗakin baya, kullum kafin ya fita aiki sai ya yi awa guda a kai, kuma cikin shekara biyu ya gama talatin da tara. Ta arba'in ta ƙi. Duk shekara yakan rubuta wa jami'ar a ɗaga masa shiga, kowa ya tambaye shi kuwa amsar ɗaya ce, "saura kaɗan", har abokan aiki suka laƙaba masa Saura-Kaɗan, matarsa kuma tana yi masa tsiya cewa da jikokinsa zai shiga aji.

Al'amarin littafin

A watan buɗe makarantu na 2008 ya tarar da layin farko na amsar tambaya ta arba'in a rubuce a littafin da fensir, da rubutun hannunsa, har da ɗan layin da yake gittawa a kan lamba bakwai, alhali ya rantse bai rubuta ba. Autansa, wanda ya zama malamin lissafi, ya duba ya ce daidai ne, kuma layi goma sha biyu amsar za ta ci. Shekara ta zagayo, sai ga na biyu. Daga nan mutumin da ya daɗe yana neman amsar nan ya koma tsoronta. Ya shaida wa matarsa cewa jikinsa na ba shi ranar da layin ƙarshe ya cika, tasa ta ƙare. Ta kulle littafin a akwatin ƙarfe, ta rataya mukullin a wuya, ta kwashe fensiran gidan kaf ta raba wa maƙwabta. A banza. Duk shekara in ta buɗe, layi ya ƙaru.

Rasuwa

A 2019 matarsa ta ƙi buɗe akwatin. Da hantsin wata Litinin ya yi wanka, ya sa kayansa masu kyau, ya zauna a teburin ba komai a gabansa, kuma nan ta same shi da ta kawo masa shayi, rai ya yi halinsa, yana da shekara sittin da biyar. An yi jana'izarsa da la'asar, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga jami'a cewa littafinsa ya iso, amsa arba'in duk daidai, ana jiransa a aji. Aka buɗe akwatin a gaban 'ya'ya, babu littafin. Matar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, ta ce, "Shekara goma ina tare masa hanya. Ku bar shi ya yi karatunsa."

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar, ma'aikaciyar jinya, na tsakiya, injiniyan ruwa, da auta, wanda ya je jami'ar aka nuna masa littafin, ya gane bakwai ɗin mahaifinsa a layi na goma sha biyu, kuma har yau bai yarda an ɗauke teburin ba.